Ganuwar Cikin Na'ura

A Delft, inda ƙasa ta durƙusa wa teku,
inda mutum kan ɗaga kai ya ga kwalekwale na wucewa
sama da tagar ɗakinsa,
Tjitske Wiersma ta jingine kekenta jikin jami'a,
ta hau bene na huɗu da burodi da cuku a jaka,
ta zauna ginin ganuwa ba tare da ta taɓa ƙasa ba.

Ganuwar tare teku ce.
Ta yanyanka ta alwatika-alwatika,
miliyan biyu da 'yan kai,
kowace ta ɗora mata nauyinta, ta haɗa ta da maƙwabta uku,
ta ce: ke riƙe nan, ke tokare can,
abin da ya shigo miki ki miƙa gaba, kar ki ci ko ɗigo.
Sannan ta sako musu ruwa.

Wata goma sha ɗaya lissafi na ƙin zama.
Lambobi su taho kamar za su haɗa kai,
sai su watse kamar zabi sun ji motsi.
Ta rage taku, ta tsananta raga,
ta yi kwana tara tana farautar alamar ɗebewa guda
da ta laɓe a layi na dubu uku da bakwai.
Ranar Talata ta damƙe ta,
ta yi ta dariya ita kaɗai
har mai share bene ya leƙo.

Daga nan komai ya kwanta.
Allo ya yi shuɗi fes, ba ja ko ɗis.
Farfesa Roelofs ya zare tabarau ya ce, "Rubuta."
Ganuwa za ta tsaya, in ji na'ura,
ko guguwar shekara dubu ta zo da danginta.

Asabar ta shiga jirgin ƙasa, don gani ya kori ji.
Ga ganuwar, kore shar, tumaki na kiwo a gadon bayanta.
Tsoho Okke, mai tumakin, bai tambayi takardunta ba.
Ya kai ta gindi, ɓangaren gonaki,
ya nuna da sanda ya ce, "Taka nan."

Ta taka. Takalmi ya nutse har idon sawu.
Wani ɗan ido na ruwa yana ɓuɓɓugowa a hankali,
yana tofo yashi ƙwaya-ƙwaya,
ya tara shi kewaye da bakinsa kamar gidan tururuwa.

"Kakata ta ce rafi ne ya bi ta nan
kafin a binne shi. Ba ya cikin taswira.
Mu muka manta da shi, shi bai manta hanya ba."

Ta daɗe tsaye, sanyi na hawa ƙafarta.
Na'ura ba ta yi ƙarya ba.
Yumɓu aka ce mata, daga sama har ƙasa,
ta kuwa amsa tambayar yumɓu
daidai har gida na goma bayan ɗigo.

Ta zazzage ɓarɓashin burodi daga leda,
ta cika ta da jiƙaƙƙen yashi.

Litinin ta goge babi na huɗu gaba ɗaya,
shafi sittin, aikin hunturu biyu.
Ta ja siririyar jijiyar yashi a ƙarƙashin ginin,
ta sake sakin teku, ta je ta dafa shayi.
Ko da ta dawo, ga ja ya tsiro a gindi,
ɗan mitsitsi, yana rarrafe
daga alwatika zuwa 'yar'uwarta.

Ba ta yi dariya ba wannan karon.
Ta buga wa hukumar ruwa waya,
takalmin na bushewa kan bututun ɗumama ɗaki,
ledar yashi na ɗiga a kan tebur.